Gurbin da Doka ta Keɓe: Nazari kan Wurin Ajiye Abin Hawa na Masu Nakasa da Ikon Masu Gadi a Azare da Ƙasar Katagum

Tsakure

Wannan nazari ya duba haƙƙin da doka ta ba masu nakasa na samun keɓaɓɓen gurbi a wuraren ajiye ababen hawa, da hanyoyin da haƙƙin ke salwanta a gari irin Azare. An bi tanadin dokar tarayya ta 2018, an auna shi da irin abin hawan da mai nakasa ke shiga gari da shi a ƙasar Katagum, sannan an duba matsayin masu gadi, 'yan kamasho da 'yan agaji, waɗanda tsarin ajiye mota ke hannunsu a aikace. Abin da nazarin ya tsaya a kai shi ne: masu ikon hukunta wanda ya ci wannan haƙƙi ba sa bakin ƙofa, waɗanda ke bakin ƙofa kuma doka ba ta ba su ikon hukunci ba. Sai an cike wannan giɓi gurbin zai amfani mai shi.

Gabatarwa

Azare ita ce hedikwatar Ƙaramar Hukumar Katagum, kuma nan fadar Sarkin Katagum take tun da aka dawo da ita daga tsohon garin Katagum a zamanin mulkin Turawa. Malam Ibrahim Zaki, ɗaya daga cikin waɗanda suka karɓi tutar jihadi a hannun Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, shi ya kafa masarautar. A yau garin cibiya ce ga arewacin Jihar Bauchi. Babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri ta biyo ta nan. Akwai babban asibitin tarayya, da Jami'ar Tarayya ta Kimiyyar Lafiya da aka kafa a 2021, da Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh, da bankuna, da kasuwa, da tashoshin mota. Mutanen Shira, Giade, Jama'are, Itas/Gadau, Gamawa da Zaki, har da maƙwabta daga Jigawa da Yobe, suna shigowa neman magani, karatu, ciniki ko wata takarda a ofis.

Cikin masu shigowar nan akwai waɗanda tafiyar taku ɗari a ƙasa aiki ce mai wahala gare su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2022 cewa mutum biliyan 1.3, wato kashi 16 cikin ɗari na al'ummar duniya, suna rayuwa da nakasa mai tasiri. A arewacin Nijeriya kuma shan inna ta bar tarihi mai nauyi: sai a 2016 aka ga na ƙarshe da ƙwayar cutar ta daji ta kama, a Jihar Borno, kuma sai ranar 25 ga Agusta, 2020 aka ayyana nahiyar Afirka ta rabu da ita. Yaran da ta shanye wa ƙafafu shekaru ashirin ko talatin da suka wuce su ne magidanta da matan aure na yau. Ga waɗanda haɗarin mota ya raba da ƙafa, ga masu shanyewar ɓarin jiki, ga tsofaffi. Tambayar inda waɗannan mutane za su sauka idan sun iso ƙofar asibiti ko banki tambaya ce ta haƙƙi, kuma doka ta riga ta amsa ta.

Abin da Doka ta Tanada

Nijeriya ta sa hannu a Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Haƙƙin Masu Nakasa a 2007, ta tabbatar da ita a 2010. Bayan doguwar gwagwarmayar ƙungiyoyin masu nakasa, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar haramta nuna musu wariya ta 2018 ranar 23 ga Janairu, 2019. Dokar ta ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara biyar su gyara hanyoyin shigarsu, wa'adin da ya cika a Janairun 2024. Ita ce kuma ta kafa Hukumar Kula da Masu Nakasa ta Ƙasa, wadda James Lalu ya fara jagoranta a 2020, kafin a naɗa Ayuba Gufwan a 2024.

Sashe na 12 na dokar ya yi magana kai tsaye kan wurin ajiye mota. Ga abin da ya tanada. A kowane wurin ajiye motoci na jama'a dole a keɓe guraben da suka dace, a yi musu alama. Motar mai nakasa sai ta ɗauki shaidar da aka tanada kafin ta shiga gurbin. Mai kula da wurin da ya ƙi keɓe gurbi zai biya tarar naira 1,000 kan kowace rana. Mai lafiyar da ya ajiye mota a gurbin, ko wanda ya toshe shi da gangan, tararsa naira 5,000. Idan kuwa mai nakasa fasinja ne a cikin motar, direban bai yi laifi ba.

Tanadin yana da kyau, amma raunin da ke cikinsa uku ne. Na farko, darajar tarar ta zube. Lokacin da mafi ƙarancin albashi ya zama naira 30,000 a 2019, naira 5,000 kashi ɗaya ce cikin shida na albashin wata. Da aka mayar da shi 70,000 a 2024, ta koma ɗaya cikin goma sha huɗu. Ma'aikata ko bankin da ya shekara bai keɓe gurbi ba, abin da za a ci shi bai wuce naira 365,000 ba. Na biyu, duk tarar nan sai kotu ta sami mutum da laifi, kuma da wuya a sami ɗan sandan da zai kai ƙarar gurbin mota gaban majistare. Na uku, masana shari'a da dama na ganin dokar tarayya irin wannan ba ta cika aiki a jiha sai majalisar jihar ta yi tata mai irin tanadin. Jihar Bauchi tana da hukumarta ta kula da masu nakasa, don haka akwai ƙofar da za a bi a ƙarfafa wannan sashe a matakin jiha da ƙaramar hukuma.

Me ya sa Gurbi na Musamman?

Wasu na ɗaukar gurbin a matsayin alfarma. Wannan kuskure ne da ya kamata a gyara, domin buƙatun da gurbin ke biya guda biyu ne, kuma duk na zahiri ne. Ta farko kusanci. Mai dogara sanduna biyu a zafin watan Afrilu, ko mai keken guragu a kan yashi ko taɓon damina, nisan da mai lafiya zai taka cikin minti ɗaya yana iya cinye masa minti goma, da haɗarin faɗuwa ko bugun babur. Ta biyu faɗi. Wanda zai sauko daga mota ya hau keken guragu sai an wangale ƙofar gaba ɗaya, an ajiye keken a gefe. Idan wata mota ta matse shi, ko da yana daf da ƙofar asibiti, ba zai iya fitowa ba.

Wannan ne dalilin da ƙa'idojin dokar masu nakasa ta Amurka ta 1990 suka tanadi gurbi ɗaya cikin kowane ashirin da biyar na farko, mai faɗin ƙafa takwas, da fili na ƙafa biyar a gefensa wanda ba a ajiye komai a ciki. Alamar mutum a kan keken guragu da ake zanawa a irin wannan gurbi, wata ɗaliba 'yar Denmark, Susanne Koefoed, ta fara zana ta a 1968, kuma yanzu duniya ta san ta. Duk abin da aikin ke ci shi ne gwangwanin fenti, allo ɗaya, da shawarar mai wuri.

Abin Hawan Mai Nakasa a Ƙasar Katagum

Wanda ya rubuta sashe na 12 yana hangen mai nakasa a cikin mota. Mai nakasa a Azare kuwa, a mafi yawan lokuta, ta ɗaya daga cikin hanyoyi uku yake zuwa: keken guragu mai ƙafa uku da ake juyawa da hannu, irin wanda maƙeran Kano da sauran garuruwa ke haɗawa, babur da aka ƙara wa ƙafafu, ko adaidaita sahu da motar haya. Mara lafiyar da aka ɗauko daga Gamawa ko Disina a motar kasuwa ba shi da wata shaida manne a gilashi, direban ma sauke shi zai yi ya juya.

Daga nan abubuwa biyu suka fito. Shaidar da aka ɗaura wa mota ba ta dace da yanayinmu ba. Wadda ta dace ita ce ta mutum, kati mai hotonsa da zai nuna ko a wane abin hawa ya zo. Ingila ma haka ta yi: shuɗin katin da ta fara bayarwa a 2000, wanda ya maye gurbin mai ruwan goro na 1971, na mutum ne, yana tafiya da shi duk motar da ya shiga. Sannan abin da garin ya fi buƙata ya haɗa da wurin sauke fasinja a bakin ƙofa, da inuwar da za a ajiye keken guragu da babur mai ƙafa uku ba tare da baburan 'yan acaɓa sun kewaye su ba. Idan aka kwafo tsarin mota kaɗai, 'yan tsirarun masu hali ne za su amfana, talakan da aka yi dokar dominsa ya tashi a tutar babu.

Siffofin Cin Haƙƙin

Siffa ta farko, kuma mafi girma, ita ce rashin keɓe gurbin tun asali. A garuruwanmu wurin ajiye mota yakan zama fili ne kawai ko gefen kwalta, wanda ya riga zuwa shi ke da wuri. A irin wannan tsari mai ƙarfi da mai sauri ne ke samun kusa, wanda ya fi kowa buƙatar kusa shi ke ƙarewa a nesa.

Ta biyu ita ce mamaya. Inda aka keɓe wuri kusa da ƙofa, ko aka bar inuwar bishiya, akan ajiye shi ne domin shugaban ma'aikata da manyan baƙi. Mai gadi ya ga babbar mota ya ɗage sanda da gaisuwa, ya ga mai keke ya nuna masa can baya. Uzurin mai mamaya kuwa sananne ne: yanzu zan fito, ai babu kowa a wurin. Amma amfanin gurbin yana cikin zamansa a buɗe, domin ba a san lokacin isowar mai shi ba.

Ta uku toshewa. Mai tireda ya kafa teburinsa a bakin gangarar da aka gina domin keken guragu, 'yan acaɓa sun jera babura a mashiga, wani ya sauke yashi ko bulo. Waɗannan neman abinci suke yi, kuma yawancinsu ba wanda ya taɓa gaya musu amfanin wurin. Duk da haka sakamakon ɗaya ne ga wanda ya kasa wucewa.

Ta huɗu ta samo asali daga matsalar tsaro. A watannin Oktoba da Nuwamba na 2014 bama-bamai sun tashi a Azare, a tashar mota, da wajen injin cirar kuɗi na wani banki, da kasuwar wayoyi, aka yi asarar rayuka. A waɗancan shekarun, a faɗin arewa maso gabas, bankuna da masallatai da ofisoshi sun nisanta ababen hawa daga ƙofofinsu da duro, turaku da sarƙoƙi. Matakin ya zama dole a lokacinsa. Sai dai ba a yi wa masu nakasa togaciya ba, kuma shingen da aka kafa saboda tsoro yakan daɗe bayan tsoron ya wuce. Ana iya bincika keke ko adaidaita sahu a bar shi ya ƙarasa ƙofa, tsaro bai ragu da komai ba.

Akwai kuma ɓangaren da sai an yi hattara. Ba kowace lalura ido ke gani ba. Mai ciwon zuciya, mai wankin ƙoda, ko mai amosanin jini da ƙugunsa ya lalace yana iya fitowa daga mota da ƙafafunsa, a zaci lafiyarsa ƙalau. Ingila ta faɗaɗa katinta a 2019 ya haɗa da lalurorin da ba a gani. Idan babu kati, hukunci ya koma ga idon mai gadi, shi kuwa ido yana iya korar mai gaskiya ya ƙyale mai ƙarya.

Wa ke da Ikon Hukunci?

Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi kafa kasuwanni da tashoshin mota da kula da su. Dokar jerin haraji ta 1998 ta sanya kuɗin tasha da kuɗin ajiye mota ba bisa ƙa'ida ba cikin abin da ƙaramar hukuma ke karɓa, ta kuma hana wanda ba hukumar haraji ba karɓar kuɗi da sunan gwamnati. A kan titi akwai 'yan sanda, da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa da aka kafa a 1988, da hukumar kula da zirga-zirga ta jiha, BAROTA, takwarar KAROTA ta Kano.

A aikace kuwa, waɗanda ke cewa ajiye nan, matsa can, wasu ne daban: mai gadin kamfanin tsaro a ƙofar banki, 'yan ƙungiyar direbobi da 'yan kamasho a tasha, matasa masu tsaron babura da ke yanka tikiti ranar kasuwa, da 'yan agajin Izala, Fityanul Islam da Jama'atu Nasril Islam a masallatan Juma'a da filin idi. Waɗannan mutane suna aiki mai amfani, da dama a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, 'yan agaji ma don Allah. Mai wuri yana da ikon tsara farfajiyarsa, ya ce wa zai shiga, ina zai tsaya. Abin da ba shi da shi, kuma ba zai iya ba mai gadinsa ba, shi ne ikon hukunci. Sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulki ya ce ba a kama mutum da laifi sai rubutacciyar doka ta ambaci laifin da hukuncinsa, kuma sai an ba shi damar kare kansa. Saboda haka sace iskar taya, cire lambar mota, ɗaure babur da sarƙa har sai an biya, ko karɓar tara ba rasit, duk ba su da gindin zama, ko da wanda aka yi wa ya yi laifi.

A nan matsalar ta ƙulle. Mai gadi nagari ba shi da abin yi idan babban mutum ya ƙi matsawa, kuma yana tsoron aikinsa. Mai gadi maras kirki kuma yana mayar da wurin kusa da ƙofa haja, ya sayar wa mai ba da na goro. Ta kowace fuska mai nakasa ne ke asara.

Darasi daga Abuja da Ingila

Mai karatu zai iya cewa a ba kamfani kwangila ya riƙa cin tara. An gwada, kuma sakamakon abin lura ne. A Abuja an damƙa wa kamfanoni masu zaman kansu karɓar kuɗin ajiye mota a tituna, suna ɗaure tayoyi suna janye motoci, har koke ya yi yawa. A Afrilun 2014 Mai Shari'a Peter Affen na Babbar Kotun Birnin Tarayya ya yanke cewa tsarin ba shi da dokar da ta kafa shi, aka dakatar da shi.

A Ingila da Wales masu ɗaure taya na kamfanoni sun matsa wa jama'a har majalisa ta haramta aikin a filayen da ba na gwamnati ba daga 1 ga Oktoba, 2012. Sai kamfanonin suka koma ga na'urar ɗaukar lambar mota da aika takardar biya, suna karɓar sunan mai mota da adireshinsa daga hukumar rajistar motoci a kan fam 2.50, sau miliyoyi a shekara. A 2015 Kotun Ƙolin Birtaniya ta halatta cajin fam 85 da kamfanin ParkingEye ya ɗora wa wani direba da ya zarce awa biyu na kyauta da kusan awa ɗaya. Majalisa ta yi dokar tsara ɗabi'un kamfanonin a 2019, aka fitar da ƙa'idojin a 2022, aka janye su a wannan shekarar bayan kamfanonin sun ƙalubalance su. Na'urar da ke ƙirga minti kuwa ba ta san cewa mai keken guragu ya fi kowa daɗewa wajen fita da shiga ba. Darasin a bayyane yake: duk inda abincin mai tsaro ya dogara da yawan tarar da ya ci, burinsa zai zama yawan masu laifi, kare gurbin ya koma baya.

Abin da Ya Kamata a Yi

Ƙaramar Hukumar Katagum tana iya yin dokar cikin gida da za ta wajabta keɓe gurbi da wurin sauke fasinja a kasuwa, tasha da duk ginin da jama'a ke shiga, ta ambaci keke da babur mai ƙafa uku da adaidaita sahu da sunayensu, ta sa tara mai ma'ana da za a biya a asusun gwamnati da rasit. Hukumar masu nakasa ta jiha ta fitar da kati mai hoto kyauta, a riƙa bayarwa a Azare, kada sai mutum ya tafi Bauchi. Wajen tantancewa a haɗa likitoci da reshen haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu nakasa, da shugabannin gargajiya irin su Sarkin Guragu da Sarkin Makafi, waɗanda tsarin sarautar ƙasar Hausa ya daɗe da sanin matsayinsu, kuma sun san mutanensu.

Masu gadi da 'yan kamasho a koya musu aikinsu, a kuma iyakance shi: su tsare gurbin, su nuna hanya, su roƙi mai mamaya ya matsa, idan ya ƙi su rubuta lambarsa su kira jami'in hukuma. Kada kuɗin tara ya bi ta hannunsu, kuma shugabansu ya tsaya musu idan sun hana babban mutum. Asibiti, jami'a da kwaleji, da yake su ne gidajen ilimi da lafiya, su ya fi dacewa su fara, shugabanninsu su sadaukar da wurin da ya fi kusa da ƙofa.

Fada da malamai kuma suna da abin da tara ba ta da shi. Al'ummar da ke karanta Suratu Abasa, wadda ta sauka a kan sha'anin sahabi makaho Abdullahi ɗan Ummu Maktum, kuma ta san kawar da abin cutarwa daga hanya yana cikin rassan imani, ba ta buƙatar a shigo mata da wannan tarbiyya daga waje. Huɗuba ɗaya, da umarni ga 'yan agaji su bar wa masu nakasa gefen ƙofar masallaci kowace Juma'a, za su koyar da dubban mutane cikin mako guda.

Kammalawa

Nazarin ya nuna cewa haƙƙin gurbi yana rubuce a sashe na 12 na dokar 2018, wa'adin da aka ba gine-ginen jama'a ya cika tun Janairun 2024, amma tarar ta yi ƙanƙanta, tanadin bai hango abin hawan talaka ba, kuma masu tsaron ƙofa ba su da ikon hukunci. Maganin shi ne a zana gurbin, a ba mutum kati, a bar mai gadi a kan tsarewa da nuni, a bar hukunci ga hukuma da kotu. Kira ga shugabannin Ƙaramar Hukumar Katagum, da fadar Mai Martaba Sarki, da masu bankuna, asibitoci da makarantu, shi ne kowa ya fara da ƙofarsa. Kai kuma mai mota, idan ka ga wuri a buɗe daf da mashiga alhali Allah ya ba ka ƙafafu masu lafiya, ka wuce gaba ka taka, ka bar shi ga mai shi.